Yadda za ka riƙe ƙaramin rol har a san da kai

Samarin da ke haɗa dirama a filin firamare ran sallah kowa so yake a ba shi jarumi, alhali rol ɗin gefe, mai unguwa ko boka ko tsohon nan mai rowa, shi ya fi daɗewa a bakin mutane. Akwai wani ɗan wasan Italiya Angelo Musco, mutumin Kataniya a tsibirin Sisili, ɗan talakawa ne, a gidan wasan 'yar tsana ya fara kafin ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta wani babban ɗan wasa Giovanni Grasso, ga abin da za ka ɗauka a wajensa.

Da farko kar ka ari bakin wani. Musco da yaren Sisili yake wasa ba Italiyancin 'yan boko ba, har marubuci Pirandello wanda ya ci kyautar adabi ta Nobel a 1934 ya zauna ya rubuta masa wasanni da yaren a 1916. To in kai ɗan Haɗeja ne yi Haɗejancinka, kar ka ce sai ka murɗe harshe irin na 'yan birni, ai marigayi Ibro ma da maganar ƙauye ya mamaye camama.

Sai ka nemo mutumin da za ka zama. Je kasuwar Maigatari ran Alhamis ka tsaya kusa da dillalan shanu ka yi shiru, ka ga yadda dillali ke kama hannun mai saye ya ja shi gefe yana raɗa, in an taya bai yi masa ba ya ce albarka ya kau da kai wai shi a dole ya ji haushi amma ƙafarsa ba ta motsa ba. Abu ɗaya za ka ɗauka ko biyu, tafiyar ko yadda yake tura hula ƙeya, in ka kwaso duka ka zama mahaukaci kawai.

Kyamara kuma daban take. Fim mai magana ya zo Italiya a 1930, yawancin finafinan Musco bayan nan ne har ya rasu a Milan a 1937, kusan duk rayuwarsa a dandali ya yi ta. A fili dole ka ɗaga murya na can baya su ji, a gaban kyamara kuwa ɗaga gira ma ya isa. Ka sa ƙaninka ya ɗauke ka da waya kusa-kusa, ka kalla, duk inda ka ga kana ihu ka rage rabi ka sake.

Kuma don Allah in jarumi na magana ka bar shi ya ƙarasa kafin ka jefo taka.