Yadda za ka zaɓi kwando ko jakar gefe don ɗaukar cefane a keke

Mutane da yawa kwandon suke fara saya, sai sun dawo gida su tarar keken ba shi da wurin da za a ɗaure shi, ko kuma an ɗaure amma da an zuba kaya sai kan keken ya riƙa rinjayar mai tuƙi. Kwando ko jaka su ne na ƙarshe a lissafi. Kafin su akwai tambayoyi biyu: kilo nawa kake ɗauka a fita ɗaya, kuma a ina nauyin zai zauna a jikin keken.

Fara da auna cefanenka

Ɗora cefanen da ka saba yi a kan sikeli, kada ka yi kirdado, domin ido yana rage nauyi. Lita ɗaya na ruwa ko madara kusan kilo ɗaya ne, man girki kuma giram 900 da 'yan kai a kowace lita. Goran ruwa shida masu lita ɗaya da rabi sun kai kilo 9 tun ba ka sa komai a kansu ba. Ganye da burodi kuwa wuri suke ci, ba su da nauyi. Don haka abu biyu za ka riƙe: nauyi a kilo, da faɗin ciki a lita.

Idan kayanka ba su wuce kilo 5 ba, kwandon gaba ya wadatar. Daga nan zuwa kilo 10 ko 12, kwando a saman kariyar baya, wato ƙarfen ɗora kaya da ke bisa ƙafar baya, zai yi. Abin da ya haura haka, jakunkunan gefe guda biyu ne maganinsa, waɗanda ke rataye hagu da dama kamar mangalar jaki. In kuwa kullum kana wuce kilo 25, to ka fita daga aikin kariya, sai dai ka nemi tirelar keke ko keken da aka ƙera don dakon kaya.

Kariya ita ce tushen komai

Durƙusa ka duba bayan keken. Kusa da inda ƙafar baya take ɗaure za ka ga ƙaramin rami mai zare a kowane gefe, sannan wasu biyu a sama, a jikin sandunan da suka gangaro daga ƙarƙashin sirdi. Waɗannan ramuka huɗu su ne mazaunin kariya, kuma galibi noti mai kaurin milimita 5 suke ci, wanda ake kira M5. In ramukan sama ne babu, ana iya kama sandunan da maƙalar ƙarfe mai roba a ciki, ba laifi, tunda aikin na sama hana kariya tafiya gaba ko baya ne kawai. Na ƙasa su ke ɗauke da nauyin gaba ɗaya. In su ne babu, kada ka dogara da maƙala, ka nemi kariyar da ake ɗaurewa a kan gatarin ƙafar kanta.

Kariya mai kyau tana ɗauke da adadin nauyin da za ta iya, a buge a jikin ƙarfenta. Yawancin na baya kilo 25 ne, kuma akwai ƙa'idar gwaji ta duniya mai lamba ISO 11243 da masu ƙera na kirki ke bi. Wannan adadi ya haɗa da nauyin kwandon ko jakar, ba kayan ciki kaɗai ba. Kariyar da ba a rubuta mata komai ba, ka ɗauke ta a matsayin mai rauni.

Akwai wata iri da ake maƙalawa a sandar sirdi kaɗai, ba ta da ƙafafu. Kilo 10 ne iyakarta a mafi yawan lokuta, tana juyawa gefe in kaya sun rinjaya, kuma ba ta da abin da zai tare jaka daga faɗawa cikin wayoyin ƙafa. Ba ta dace da cefane ba.

Wajen ɗaurawa, abubuwa uku ne ke yawan ɓaci. Na farko tsawon noti a gefen sarƙa: in ya yi tsawo, bakinsa zai leƙo ciki ya riƙa gugar sarƙa idan sarƙar ta sauka kan faifan giya mafi ƙanƙanta a baya, har ya iya tsayar da ita. Bayan ka ɗaure, ka juya feda ka bi giyoyin duka ka gani. Na biyu, keke mai birkin faifai: kan birkin yakan tokare ƙafar kariya a gefen hagu, sai an sami kariyar da aka yi wa irin wannan keke, mai buɗaɗɗun ƙafafu. Kada ka tara washa da yawa a kan dogon noti don ka kauce masa, domin notin zai lanƙwashe ya karye a cikin ramin, kuma fitar da guntun aiki ne mai wuya. Na uku, saman kariya ya kwanta daidai, ko ya ɗan karkata gaba kaɗan. In ya karkata baya, kaya za su riƙa zamewa.

Girgizar hanya tana kwance noti a hankali. Ka sake matse su bayan makon farko, sannan ka riƙa dubawa lokaci zuwa lokaci. Ƙaramar ƙara daga baya wadda da babu ita, yawanci noti ne ya saki.

Kwandon gaba

Daɗinsa kayanka suna gaban idonka, kuma kana jefa leda ka wuce. Matsalarsa nauyin yana bin kan keken duk inda ka juya shi. Kilo 3 ba za ka ji ba, amma kilo 7 a kwandon da ke rataye a kan keke kaɗai zai sa juyawa ta yi nauyi, sannan da ka fara kwana sai kan ya nemi faɗawa gefe fiye da yadda ka nufa. In ka jingine keken ma, kan zai juya da kansa ya kayar da shi.

Iri uku ne. Mai rataya a kan keke kawai shi ne mafi rauni, galibi kilo 5 ne iyakarsa, amma wasu ana cire su a shiga da su kanti. Mai ƙafafu biyu da suka sauka zuwa gatarin ƙafar gaba ya fi ƙarfi da natsuwa, sai dai ba ya zama a keke mai sifirin a gaba, tunda tazarar da ke tsakanin kan keke da gatari tana canzawa duk lokacin da sifirin ya nutse. Na uku shi ne wanda ake ɗaurewa a gangar jikin keken, ba ya juyawa tare da kai. Wannan ya fi su duka iya nauyi, ko da yake sai ka saba da ganin ƙafa tana juyawa kwando yana tsaye.

Kowanne ka zaɓa, ka juya kan keken har ƙarshe hagu da dama ka tabbata kwandon bai danne wayar birki ko ta giya ba, don wayar da ta lanƙwashe tana rage ƙarfin birki. Ka bar tazarar yatsu biyu aƙalla tsakanin gindin kwando da taya. Fitilar da ke kan keke kuma kaya za su rufe ta, sai a mayar da ita gaban kwandon ko ƙasa da shi.

Kwandon baya

Kwando ko akwatin roba a saman kariya shi ne hanya mafi sauƙi, kuma yana karɓar kaya masu siffar da jaka ba za ta ɗauka ba. Amma nauyin yana can sama, shi ya sa keken ke rangaji in ka miƙe a kan feda ko kana tura shi da hannu. Ka bar wuri tsakaninsa da sirdi don kada ya riƙa dukan bayanka, ka kuma tuna cewa ƙetara ƙafa ta baya zai yi wuya. Keke mai saukakkiyar sanda a tsakiya ya fi dacewa da shi. In akwatin roba ne, ka ɗaure shi da noti huɗu, da faffaɗan washa ko fallen ƙarfe daga ciki, in ba haka ba kan notin zai huda robar ya fice.

Akwai kuma kwandunan waya masu naɗewa da ake ɗaurewa a gefen kariya, irin na kamfanin Wald na Amurka. Suna saukar da nauyi ƙasa, ba mai cire su cikin sauƙi, kuma in babu kaya sai a naɗe su. Illarsu ita ce nauyin ƙarfen da za ka riƙa ja kullum, da ƙarar da suke yi a hanya mai gargada.

Jakunkunan gefe, da abin da ya kamata ka auna kafin ka saya

Ga mai cefanen mako guda, waɗannan ne suka fi. Nauyi yana sauka kusa da gatari, keke ya natsu, saman kariya kuma ya zama fili don wani abu mai girma marar nauyi. Girman da aka fi samu lita 20 ne kowace ɗaya, wato 40 a biyun, kuma ya ishi yawancin gidaje ƙanana.

Babbar damuwarsu dukan diddige. Auna daga tsakiyar gatarin da hannayen feda biyu ke juyawa a kansa zuwa tsakiyar gatarin baya. Keken gari ko na doguwar tafiya yakan kai santimita 43 zuwa 45, wannan lafiya lau. Keken tsere yakan tsaya a 40 ko 41, kuma in ƙafarka babba ce, diddigenka zai riƙa bugun jakar a kowane zagaye. Maganinsa doguwar kariya, da jaka mai ƙugiyoyin da ake matsarwa don a ja ta baya, ko mai yankakkiyar kusurwa ta ƙasa. Sai dai kada ka ja ta baya fiye da kima, domin nauyin da ya wuce gatari sosai yana sa gaban keke ya yi sakayau ya riƙa karkarwa a gangara.

Ka kula da ƙugiyoyi fiye da yadin. Ƙugiya buɗaɗɗiya tana iya tsalle ta fice in ka faɗa rami, don haka ka nemi mai kulle kanta a jikin sandar. Kaurin sandunan kariya ya bambanta, daga milimita 8 har zuwa 16. Kamfanoni irin su Ortlieb na Jamus suna haɗawa da 'yan robobin cikewa na milimita 8 da 10 da 12. In ba ka sa wanda ya dace ba, jakar za ta riƙa kaɗawa, ta cinye fentin kariya, a ƙarshe ta fara cin ƙarfen, musamman in alminiyam ne. Dole kuma a sami ƙugiya ta uku a ƙasa mai riƙe gindin jakar, da allo mai tauri a bayanta. Jaka mai laushin baya tana lotsawa ta shiga wayoyin ƙafa. Ita ma kariyar, ka zaɓi mai sanduna biyu ko uku a kowane gefe, ɗaya ta karkata baya, don ta tare jakar.

Batun baki kuwa, mai naɗaɗɗen baki ba ta shan ruwa, amma sai ka buɗe ka naɗe kowane lokaci, kuma yadda ba ta barin ruwa ya shiga haka ba ta barin abin da ya zube a ciki ya fita, sai ka wanke ka kife ta ta bushe. Mai buɗaɗɗen baki, mai siffar akwati, ta fi sauƙin lodi amma tana buƙatar murfin ruwan sama. Jakar da ake cirewa da hannu ɗaya tana da wani amfani da ba a cika faɗa ba: ka shiga da ita cikin kanti, ka shirya kaya a wurin biya, ka ga iyakar abin da za ta ɗauka kafin ka fito.

Lodi da tuƙi

Masu nauyi a ƙasa kuma kusa da ƙafar keke, gwangwani da kwalba da ƙullin hatsi. Ƙwai da tumatir da burodi a sama, ko a kwandon gaba a kan wani tsumma mai laushi. Ɗanyen nama a ledarsa daban, a ɗaure. Ka raba nauyin tsakanin jakunkunan biyu, ka ɗaga su a hannu ka ji. Bambancin kilo 2 ko 3 ba komai, amma jaka ɗaya mai kilo 12 a gefe guda za ta riƙa jan keken, ta kuma kayar da shi in ka tsayar da shi a kan jak. Jak mai ƙafa biyu a tsakiya yana sauƙaƙa lodi ƙwarai. In mai ƙafa ɗaya ne, fara rataya jakar gefen da jak ɗin yake.

Kada ka rataya leda a jikin kan keke, inda kake riƙewa. Tana lilo, kuma in ta shiga ƙafar gaba keken tsayawa yake nan take, mai shi ya wuce ta sama. Haka ma duk wata igiya ko maɗaurin jaka da ke reto, a cusa shi ciki. Robar ɗauri mai ƙugiyar ƙarfe tana iya suɓucewa ta dawo fuska, don haka ka kawar da kai yayin ja, ko ka yi amfani da ragar roba a kan kwando.

Ƙara wa tayar baya iska zuwa kusa da babban adadin da aka rubuta a gefenta, ba tare da ka wuce shi ba. Taya mai ƙarancin iska a ƙarƙashin kaya tana matse tub a bakin ƙarfe in ka hau dutse, ta yi masa huda biyu a jere. Birki kuma yana buƙatar ƙarin tazara, don haka ka fara kama shi da wuri, gaba da baya tare. Kafin ranar cefane ta farko, cika goruna da ruwa daidai nauyin da ka auna, ka loda su, ka zagaya a wurin da babu motoci: ka gwada kwana, ka gwada birkin gaggawa, ka hau ɗan tudu, sannan ka sauka ka sake taɓa kowane noti da kowace ƙugiya.