Yadda za ka taimaka wa sashen emajensi da na jarirai

Da farko ka je asibitin da kanka, misali Murtala ko na Malam Aminu Kano, ka nemi ofishin walwalar marasa lafiya ka tambaye su me ya fi ƙaranci, kar ka sayo kaya da ka.

Na biyu, in ka kai shekara 18 kuma nauyinka ya kai kilo 50, ka ci abinci ka je ka ba da jini, wallahi masu hatsarin mota jini suke jira, wani dangin nasa ma ba su san yana kwance ba.

Sai ɓangaren bakwaini da ke cikin kwalba, kai musu famfas ƙanana da audiga da safar hannu.

In kuɗi ne, biya a asusun asibiti ka karɓi rasit.