Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙidayar Tsuntsaye a Arewacin Nijeriya da Yadda Za a Gyara Su

Tun da aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015, ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, matasa da dama a Arewa suka shiga fita daji da madubin hangen nesa da waya suna rubuta abin da suka gani. Aikin ya dogara ne kacokan a kan 'yan sa kai, saboda haka kuskuren mutum ɗaya a bakin fadama yana iya zama kuskure a taswirar ƙasa baki ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne raina tsuntsun gida. Sabon mai ƙidaya yakan wuce kurciya da hankaka da belbela bai rubuta su ba, domin idonsa yana kan baƙon tsuntsu da zai nuna wa abokai. Alhali ungulu ta isa misali: a da babu mahautar da ba a ganinta, amma tun 2015 tana cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma ba a iya auna irin wannan raguwa sai da rubutun waɗanda suka ƙirga ta lokacin da take ko'ina. Gyaran shi ne a rubuta kowane tsuntsu da aka gani ko aka ji kukansa, bi da bi, komai sabon da aka yi da shi.

Akwai kuma sakaci da ƙa'idar aikin. An raba ƙasa zuwa murabba'ai masu kimanin kilomita 9 a kowane gefe, kuma cikakken rahoto yana buƙatar aƙalla awa 2 na nema a cikin murabba'i ɗaya, cikin kwanakin da ba su wuce 5 ba. Wasu sukan haɗa tsuntsayen wurare biyu a jeri ɗaya, wasu kuma su zauna gindin bishiya guda har lokaci ya cika. Manhajar BirdLasser, wadda ake rubuta tsuntsayen da aka gani da ita a waya, tana nuna iyakar murabba'in, sauran aikin na ƙafa ne: a ratsa gona da bakin ruwa da dutse da cikin gari.

Cinta, wato rubuta sunan tsuntsu bisa zato, ta fi duk waɗannan haɗari. Wani ƙaramin jan tsuntsu na duwatsun Jos, wanda ake kira rock firefinch da Turanci, sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin jinsi na daban, saboda tsananin kamarsa da 'yan uwansa. Wanda bai tabbatar ba ya ɗauki hoto ko ya naɗi kukan, idan kuma hakan bai samu ba ya bar gurbin haka nan.

Sai dai a ganina babban kuskure yana wajen mu'amala da mutanen gari. A halin tsaron da ake ciki, baƙon da ya sauka daga babur da sassafe ya kafa madubi yana leƙen bayan gidaje bai kyauta wa kansa ba, bai kuma kyauta wa aikin ba. Wajibi ne a fara da gidan mai unguwa ko bulama, a gaisa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a miƙa madubin dattawa su duba da idonsu, sannan a nemi ɗan rakiya. A dausayin Haɗejiya da Nguru, masuncin da ke kwana a kwale-kwale ya san inda dinya da kirinjijiya ke sauka, ya kuma san wuraren da kacalla ta toshe hanyar ruwa har tsuntsaye suka ƙaura, abin da babu littafin da zai gaya wa baƙo. Amma a tantance sunan da ya bayar, domin zalɓe ko shaho kowanne yana ɗauke da jinsi fiye da ɗaya. A nuna masa hotuna ya zaɓa.

Haka nan bai dace a tsaya yi wa manomi wa'azin son tsuntsaye ba alhali jan baki ya cinye masa shinkafa yana kallo. A saurari kokensa tukuna, a rubuta inda garken ke kwana, domin wannan ma bayani ne mai amfani. Idan an kammala, a koma a gaya wa mutanen garin abin da aka samu, ko a makarantar firamare ko a ƙofar fada, da Hausa ko yaren wurin. Abu ɗaya da ba a yaɗawa shi ne wurin sheƙar ungulu, tunda ana farautarta ana sayar da sassanta ga masu maganin gargajiya.

Yawancin fita ana yin ta ne da sanyi, musamman a Janairu lokacin ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, sa'ad da baƙin agwagi daga Turai suka cika dausayin Dagona da ke jihar Yobe. Wanda ya tsaya ga fitar sanyi kawai ba zai taɓa rubuta shamuwa ba, wadda ke zuwa gab da faɗuwar damina ta yi sheƙa a bishiyoyin cikin gari. Ya kamata kowace ƙungiya ta ware wasu murabba'ai da za ta riƙa komawa da bazara da damina da kaka, ko da hanya ta yi taɓo.