Hoton kusa-kusa: ku bar wa hannu fokas

Jama'a, in za ku ɗauki ƙaramin abu kamar kuda ko zobe, ku mayar da madannin lens daga AF (otofokas, wato kyamara ta nemo fokas da kanta) zuwa MF (fokas da hannu). Ku murɗa zoben fokas zuwa girman da kuke so, ku barshi a nan, sai ku riƙa matsawa gaba da baya da jikinku a hankali har idon kwaron ya fito tas, sannan ku danna.

Dalili kuwa, a girman 1:1 (wato abin ya fito da ainihin girmansa a kan sensar kyamara) wurin da ke fita sarai bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba ko da kun tsuke ƙofar hasken lens zuwa f/11, shi kuma otofokas sai ya yi ta zarya yana nema, ƙarshe ya kama fiffike ya bar ido, kafin ya gama kwaron ma ya tashi. Ni dai haushi ya sa na daina.

Don haka tsohon lens na makro (na hoton kusa-kusa) mara motar otofokas ya isa, adaftar da za ta haɗa shi da kyamararku kawai za ku nema, ya fi sauƙin kuɗi.

Amma fa in abin yana yawo, ko iska na kaɗa furen, ko kuma da lens ɗin za ku ɗauki mutane, ku sayi mai otofokas.