Kafin ka goge fayil ɗin da ba ka san shi ba

Fayil ɗin da ba ka gane ba, kada ka danna shi sau biyu don ganin abin da ke ciki, kada kuma ka goge shi nan take. Buɗewar tana iya kunna ƙwayar cuta, gogewar kuma tana iya hana wata manhaja tashi, wani lokacin ma Windows ɗin kanta.

Fara da wutsiyar sunan, wato haruffan da ke bayan ɗigo. Windows tana ɓoye su tun asali, don haka a File Explorer shiga View ka kunna File name extensions. Sai ka ga abin da ka ɗauka takarda ce, rasit.pdf, ashe cikakken sunansa rasit.pdf.exe. Duk mai ƙarewa da .exe, .scr, .bat, .vbs ko .msi, umarni yake zartarwa da zarar an buɗe shi.

Inda fayil yake zaune ya fi sunansa faɗin gaskiya. Misali, mazaunin svchost.exe na ainihi, wani fayil na Windows, shi ne C:\Windows\System32. In ka tsince shi a Downloads ko cikin filashi, ka zarge shi. Abin da ke cikin Windows da Program Files kuwa, musamman .dll da .sys, ba a cire shi da hannu. Manhajar da ba ka so, bi ta Uninstall. Su pagefile.sys da hiberfil.sys suna cin gigabait da yawa, shi ya sa hannu ke ƙaiƙayi a kansu, amma kayan aikin tsarin ne, a bar su.

Danna ɓangaren dama na linzami ka shiga Properties. Duba ranar da aka ƙirƙire shi: ta zo daidai da ranar da ka saka wata manhaja? In akwai shafin Digital Signatures, zai nuna kamfanin da ya sa masa hannu. Daga nan ka sa Microsoft Defender, manhajar rigakafin da ke zuwa da Windows, ya bincika shi. In zuciyarka ba ta kwanta ba, loda shi a shafin intanet na VirusTotal, inda manhajojin rigakafi kusan 70 za su duba shi. Sai dai masu binciken tsaro suna iya samun abin da aka loda a can, saboda haka ban da takardun sirri.

In an tabbatar ƙwayar cuta ce, bar wa manhajar rigakafin ta killace shi. In ba ita ba ce, amma har yanzu ba ka san amfaninsa ba, kwafe shi zuwa wani faifai, ka rubuta inda ka same shi, sannan ka ƙara .old a ƙarshen sunan na asalin. Kashe kwamfutar ka kunna, ka ci gaba da aiki mako biyu. In wata manhaja ta yi kukan rashinsa, cire .old ɗin; in ba abin da ya motsa, tura shi Recycle Bin, wato kwandon shara.

Kada ka haɗa Shift da Delete, domin suna tsallake kwandon. Haka abin da aka goge daga filashi, yawanci ba ya shiga kwandon ko kaɗan. A faifan SSD kuma, wani umarni na tsarin da ake kira TRIM yana share gurbin fayil ɗin da aka goge da wuri, manhajar dawo da fayil ba ta cika samun komai ba.