Darasi na 7: Sayen Hatsi da Kaka da Yadda Ake Ajiye Shi

Yawancinmu a birnin Kano ba mu da gona. Tuwonmu daga kasuwa yake fitowa, kasuwa kuma, ko ta Rimi ce ko ta unguwa, idonta na kan Dawanau, babbar kasuwar hatsi. Ita Dawanau motocin ƙauye take jira. To ga shi a sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato 'yan bindiga sun raba manoma da yawa da gonakinsu, wasu ma sai sun biya haraji kafin a bar su su yi girbi. A Borno rikicin Boko Haram ya dagula noma tun 2009. Kuɗin mota ya tashi bayan cire tallafin mai a 2023. Duk wannan a kan kwanon gero yake sauka.

Hatsi ya fi araha da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba. Ya fi tsada da damina, lokacin da tsoho ya ƙare, sabo bai nuna ba. Saboda haka mai hali ya saya da kaka. Wanda ba shi da kuɗin buhu, ya haɗa da maƙwabta su raba, ko uwargida ta saita kwasar adashinta a lokacin.

Amma a fara da lissafi. Gidan da ke cin kwano 1 kullum, a wata zai ci kwano 30. Yuni da Yuli da Agusta, kwano 90 ke nan. Idan buhu na ɗaukar kwano 40, ana buƙatar buhu 2 da kwano 10.

Wajen ajiya ake yawan yin asara. Kada ku ɗura hatsin da bai bushe ba. Ku zuba kaɗan a busasshiyar kwalba tare da gishiri, ku girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran danshi, a mayar da shi rana. Wake kuwa, da ƙwari ba sa raga masa, a sa shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace daban, ko a cika jarka mai tsabta a toshe bakinta. Rashin iska zai kashe ƙwarin. A ɗora buhu kan katako, nesa da bango. Ƙwayar maganin da 'yan kasuwa ke sa wa hatsi kuwa, kada ta shiga ɗakin da ake kwana, tururinta na kisa.

Aikin gida: rubuta kwano nawa gidanku ke ci a mako, da kuɗin kwanon masara yau a unguwarku. Ku zo da shi aji ranar darasi na gaba.