Kuɗin tallafin korona da rarar harajin da IRS ke maidowa

Salamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Har yanzu ana yawan tambaya ko tallafin da gwamnati ta raba lokacin korona yana rage kuɗin da hukumar haraji ta IRS ke maido wa mutum. Ba ya ragewa. Dala 1,200 da dala 600 da aka amince da su a 2020, da dala 1,400 ta Maris 2021, ba a lissafa su cikin kuɗin shiga, don haka babu haraji a kansu. Rangwamen haraji ne aka biya tun kafin lokacin cike takardu. Ko an ba ka fiye da haƙƙinka saboda albashinka ya ƙaru daga baya, ba a ce ka mayar ba.

Inda mutane suka rikice shi ne tallafin yara na wata-wata daga Yuli zuwa Disamba 2021. Wannan kam rabin rangwamen yara ne aka ba da tun da wuri, shi ya sa iyaye da yawa suka ga rararsu ta ragu.

Wanda bai samu nasa tallafin korona ba, wa'adin nema ya wuce: 17 ga Mayu 2024 na shekarar 2020, 15 ga Afrilu 2025 na 2021. Don Allah, duk saƙon waya da ya ce ka latsa wani wuri ka karɓi dala 1,400, damfara ce. Kada ka ba kowa lambar asusunka na banki. In kana da shakka, shiga shafin IRS da kanka ka duba bayananka.